Ɗalibai sun ce bidiyo ya fi fiɗar gawa: ya isa hujja?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ƙaramin malami ne a sashen anatomi na wata jami'a. Na shirya tambayoyi a Google Forms, na tura wa 'yan aji biyu ta zaurensu na WhatsApp, ina tambayarsu wanne ya fi taimaka musu wajen koyon ƙirar jikin ɗan Adam: fiɗar gawa ko bidiyo da hotunan kwamfuta. Waɗanda suka amsa ba su kai sulusin ajin ba, kuma mafi yawansu sun zaɓi bidiyo. Zan iya rubuta cewa bidiyo ya fi fiɗa koyarwa, in aika wa mujalla?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa ƙoƙarinka albarka, amma wannan jimlar ba za ta rubutu ba. Abin da ka auna shi ne abin da ɗalibai suke ji a ransu. Abin da ya zauna a kansu kuwa ba ka taɓa shi ba tukuna.

Tun a 1959 wani masanin harkar horo ɗan Amurka, Donald Kirkpatrick, ya kasa auna horo hawa huɗu: yadda masu koyo suka ji da shi, abin da suka koya, yadda aikinsu ya sauya, sai kuma sakamakon da ya biyo baya. Takardar tambayoyinka a hawa na farko take tsaye, kai kuma kana son ka yi magana da bakin hawa na biyu. Tsakanin biyun akwai rata babba. A 1973 Naftulin da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa wani gwaji da ya yi suna: sun ɗauko ɗan wasan kwaikwayo, suka raɗa masa suna Dakta Fox, ya yi wa ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da malamai lacca cike da surutu marar ma'ana da maganganu masu karo da juna, amma cikin fara'a da iya baki. Da aka raba musu takardar jin ra'ayi, sai yabo. A 2019 kuma, a jami'ar Harvard, Deslauriers da abokansa suka gwada ɗaliban fiziks: waɗanda aka sa su warware matsaloli da kansu a aji sun fi cin gwaji, amma su ne suka ce ba su ƙaru sosai ba idan aka kwatanta da lacca mai daɗin sauraro. Koyon da ke sa gumi ba ya yin farin jini a takardar jin ra'ayi.

To ka dubi ɗakin fiɗa da wannan idon. Warin fomalin, sinadarin da ake adana gawa da shi, na sa hawaye, ɗalibai sun yi cincirindo a kan gawa ɗaya, ga zafi, ga wanda bai taɓa tsayawa kusa da mamaci ba sai ranar. Bidiyo kuwa a kan gado ake kallonsa, a mayar da shi baya sau goma. Wa zai zaɓi na farko? Ba ina cewa fiɗa ta fi ba. Makarantar likitanci ta Peninsula a Ingila ta buɗe a 2002 ba tare da fiɗar gawa ba, kuma har yau masana na muhawara a kai. Cewa nake tambayarka ba za ta raba gardamar ba.

Sai batun waɗanda suka yi shiru, su ne suka fi damuna. Wa ke cika fom a waya? Mai data, mai caji, wanda ya saba da allo. Wato hanyar da ka bi wajen tambaya ta riga ta tace maka masoya bidiyo. Yawan amsa ma ba ya maganin wannan: a 1936 mujallar Literary Digest ta raba ƙuri'un gwaji kusan miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasar Amurka, Roosevelt ya yi masa kayen raba ni da yaro. Raba takarda a aji, bayan lacca, ya fi zauren WhatsApp tattaro kowa. Sai dai kada kai ka raba, kada kuma kai ka karɓa. Ɗalibin da ya san kai za ka duba takardar jarrabawarsa, abin da yake zaton kana so zai rubuta, musamman a wurinmu da ba a saba musa wa malami ba. A cire suna da lambar rajista.

Su kansu tambayoyin, ka zauna da ɗalibai biyar ko shida, kowa ya karanta da ƙarfi ya gaya maka abin da ya fahimta. Za ka sha mamakin yadda Turanci mai sauƙi ke ɗaukar ma'ana biyu. Kada tambaya guda ta ɗauki kaya biyu, irin "fiɗa tana da amfani kuma tana da daɗi", don mai ganin amfaninta alhali yana ƙyamarta ba shi da wurin sa hannu. Jagorar AMEE, ƙungiyar masana koyar da likitanci, mai lamba 87, ta Artino da abokansa a 2014, ta bi matakan nan dalla-dalla. Ma'aunin Cronbach da kowa ke ɗokin ganin ya haura 0.7, daidaituwar tambayoyin da junansu kawai yake nunawa, ba ya shaidar cewa sun auna abin da ka nufa.

In koyo kake son aunawa, ka raba ajin biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya ya koyi ƙirar hannu ta fiɗa, ɗayan ta bidiyo, sannan su yi musaya idan an zo ƙafa, don kada a tauye kowa. A yi musu gwaji iri ɗaya, wanda ya haɗa da gane sassa a jikin gawa da kuma a hoto, mai dubawa bai san rukunin kowa ba, a sake gwajin bayan wata biyu ko uku. Kafin komai ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku ko asibitin koyarwa, domin mujallu masu daraja irin Anatomical Sciences Education za su tambaya, kuma kwamitoci ba sa son bayar da izini bayan an gama aiki. Amsoshin da ke hannunka yanzu ka riƙe su a matsayin gwajin share fage, ka duba tambayoyin da aka fi tsallakewa, daga nan za ka fara gyara.