Tambaya da Amsa: Yadda ake tsara gasar tanis ta mata ta ɗaiɗaiku

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: Malam, na ga 'yan wasa sama da ɗari a jadawalin Wimbledon. Wa ke zaɓo su, kuma me ya sa manyan 'yan wasa ba sa haɗuwa tun a zagayen farko?

Amsa: Manyan gasannin shekara huɗu ne: ta Ostareliya a Melbon cikin Janairu, Roland Garros a Faris, Wimbledon a Landan, sai ta Amurka a Niyok. A kowacce mata 128 ne ke shiga ɓangaren ɗaiɗaiku, kuma wadda aka doke ta tattara kayanta. Ke nan sai mace ta ci karawa bakwai a jere kafin ta ɗaga kofi.

Ƙofofin shiga uku ne. Guda 104 matsayinsu a jerin gwanayen duniya na WTA, hukumar tanis ta mata, ne ke shigar da su kai tsaye. Guda 16 ta wasannin share fage suke fitowa, bayan kowacce ta ci karawa uku a makon da ya gabaci gasar. Sauran takwas gurbin alfarma ne, masu shirya gasa ke bai wa wadda suka ga dama, galibi 'yan ƙasarsu masu tasowa ko tsohuwar gwana da ta dawo daga jinya.

Rashin haɗuwar manya kuwa da gangan ne. Ana ware mata 32 da suka fi matsayi a ba su lamba. Mai lamba ɗaya a ajiye ta a saman jadawali, mai lamba biyu a can ƙasa, don kada su haɗu sai a wasan ƙarshe. Ta uku da ta huɗu a raba su gida biyu da ƙuri'a, haka ake bi har ta 32, ta yadda masu lamba ba za su gamu da juna ba kafin zagaye na uku. Sauran 96 ɗin duk inda ƙuri'a ta jefa su, nan ne.

A nan haɗarin yake. Gwanar da ta yi wata takwas tana jinya matsayinta zai zube, ta shigo ba lamba, ƙuri'a ta haɗa ta da mai lamba biyar ranar farko. Lambar tana kare mace daga sauran masu lamba ne kawai. A 2023 Marketa Vondrousova ta shiga Wimbledon ba ta da lamba, ta doke Ons Jabeur 'yar Tunisiya 6-4, 6-4 a wasan ƙarshe. Mu da muke fatan kofin ya zo Afirka mun kwana da takaici a ranar, domin karo na biyu ke nan a jere da Jabeur ta kai bakin gaɓa a Landan, bayan Elena Rybakina ta hana ta a 2022.

Tambaya daga wata mai karatu a Maraɗi: Ƙirgen maki ke rikita ni. Yaya ake gane wadda ta ci?

Amsa: Hajiya, hawa uku ne. Ƙarami shi ne gem, ana ƙirga shi 15, 30, 40, maki na huɗu ya rufe. Idan aka yi 40 da 40, sai ɗaya ta ci maki biyu a jere. Wadda ta fara tara gem shida da ratar biyu ta ci turmi ɗaya. In aka yi shida da shida sai a buga raba gardama, inda ake neman maki bakwai da ratar biyu. Mata turmi biyu cikin uku suke nema. Daga 2022, raba gardamar turmin ƙarshe a manyan gasanni huɗun ya koma maki goma. Saboda wannan tsari, mace na iya cin maki fiye da abokiyar karawarta jimilla kuma ta sha kashi, idan ta ci turmi ɗaya 6-0 ta rasa biyu da ƙyar.

Tambaya daga wani mai karatu a Kumasi: Me ya sa wadda ta ci kofi bana sai ka ga matsayinta ya rushe baɗi?

Amsa: Makin matsayi da aka ci a gasa mako 52 kawai yake yi a asusun 'yar wasa. Wadda ta ɗauki babbar gasa tana samun 2000, ta biyu 1300, waɗanda suka tsaya a kusa da na ƙarshe 780, wadda aka fitar a zagayen farko 10 kacal. Idan shekara ta zagayo, a cire na bara a sa na bana.

Labarin Emma Raducanu 'yar Birtaniya ya isa misali. A 2021, tana da shekara 18, ta fito daga share fage a gasar Amurka, ta ci karawa goma ba ta rasa turmi ko ɗaya ba, ta doke Leylah Fernandez a ƙarshe. Da ta dawo a 2022, Alize Cornet ta fitar da ita a zagayen farko. Maki sama da 2000 suka tafi, 10 suka maye gurbinsu, ta faɗo daga ta 11 a duniya zuwa bayan ta 80.

Tambaya daga wani mai karatu a Jos: Idan 'yar wasa ta ji ciwo, me ke faruwa?

Amsa: Ya danganta da lokacin. In ta janye kafin ta buga karawarta ta farko, sai a ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi a share fage a sa ta a gurbin. Ta haka Coco Gauff ta shiga gasar Linz ta ƙasar Ostiriya a 2019, tana da shekara 15, kuma ta tafi da kofin. In an riga an yi nisa a gasar, ba a sa kowa, abokiyar karawarta ce ke wucewa ba tare da ta buga ba.

A tsakiyar karawa kuwa, mai duba lafiya zai shigo fili ya duba, idan rauni ne a ba da minti uku na magani. Amma ɗaurewar jijiya ba ta cikin wannan, don ana ɗaukarta gajiya ce. Sai dai a matsa mata ƙafar a hutun sauya gefe, wanda daƙiƙa 90 ne, ko na ƙarshen turmi mai daƙiƙa 120. Idan ta kasa tsayuwa kafin hutun ya zo, dole ta sallama makin da ya rage har a kai ga hutun. Shi ya sa za ka ga 'yar wasa tana ɗingishi tana buga sabis a hankali, idonta na kan agogon daƙiƙa 25 da ake ba ta tsakanin maki da maki.