Tambaya da Amsa: Me Ya Riƙe Rufin Nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magini ne a wani ƙauye kusa da Ringim, na shekara 30 ina ɗora tubali. Ɗan ƙanena da ke karatu a Fotugal ya turo mini hoton wani tsohon coci a Lisbon, wai Jeronimos. Ginshiƙan sirara ne kamar gora, rufin kuma dutse zalla. Me ya hana shi ruftowa? Kuma wa ya gina shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba magini. Ai sirrin a hannunka yake, ka dai ga ya sa rigar Turawa ne. Ƙara girman hoton a wayarka, za ka ga wasu jijiyoyin dutse sun fito daga kan kowane ginshiƙi sun bazu kamar ganyen giginya, suna haɗuwa da 'yan'uwansu a tsakiya. Abin da magina ke kira bakan gizo ke nan, wato gini mai lanƙwasa kamar baka. Nauyin rufin yana bin su ya sauka kan ginshiƙai da katanga, wadda aka yi mata kauri don ta tare turin. Kakana a Gaya haka yake ɗaure soro da azara, yana ɗora guntu bisa guntu har bakin ya haɗe. Ina yaro nakan miƙa masa ƙasa, ya hana ni tsayawa a ƙarƙashi sai ta bushe. Su da farin dutse suka yi, shi ya sa ginshiƙin ya yi siriri bai karye ba. In ka taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ka riga ka ga ɗan'uwansa.

Sarkin Fotugal, Manuwel na Ɗaya, ne ya sa aka fara shi a 1501, shekara biyu bayan rasuwar Muhammadu Rumfa a Kano, aka ɗauki kusan shekara 100 ana aiki. Kuɗin ya fito ne daga harajin kayan yaji, musamman masoro, da jiragen ruwansu ke kawowa daga Indiya. Shi ya sa aka sassaƙa igiyoyin jirgi a jikin dutsen. Kabarin Vasco da Gama, wanda ya buɗe musu wannan hanya, yana ciki. Ba coci ba ne kaɗai, har da gidan masu ibada da suka ƙaurace wa aure, suna yi wa sarki da matuƙa jirgi addu'a.

A 1755 girgizar ƙasa ta rushe yawancin Lisbon, rufin nan kuwa ya tsaya. Ka ce wa ɗan naka ya ɗauko maka hoton katangar ta waje, ka duba kaurinta da idonka.