Rediyon Motata Na Mantuwa, Batir Kuma Na Mutuwa: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Na sayi Golf 3 'yar Kwatano, na tarar mai ita na baya ya sa mata rediyon Pioneer. Duk sanda na zare makulli sai ya mance tashoshin da na ajiye, kuma in motar ta kwana biyu a ajiye batir ya mutu. Na zaro rediyon na ga wayoyi a cukurkuɗe da salatef, ga kuma wata jar waya mai kauri da ta bi ƙarƙashin kujera. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, cuta biyu ce ke damun motar nan, kada ka bari a haɗa maka su a magani ɗaya.

Mantuwar tukuna. Rediyon kasuwa irin su Pioneer, Kenwood da Sony kusan launin wayoyinsu ɗaya ne. Ruwan ɗorawa ita ce wutar batir da ba ta yankewa, ita ke riƙe agogo da tashoshi. Ja wutar makulli ce. Baƙa ta bodi ce. A soket ɗin da ake kira ISO, ruwan ɗorawa na zama a rami na 4, ja a na 7, amma Volkswagen da Opel sun juya su a motocinsu da yawa na wancan zamani. Wanda ya soka rediyon bai musanya ba, shi ya sa da ka zare makulli komai ke gogewa.

Sai dai kada ka yarda da launi a ɓangaren motar, domin mai wayarin kan yi ƙari da duk guntun da hannunsa ya kai. Mitar auna wuta ce alƙali. Saita ta a DC 20, ɗora baƙin tsinken a ƙarfen bodi. Wayar da ta nuna wajen volt 12 alhali makulli na aljihunka, ita za ta tafi ga ruwan ɗorawa. Wadda ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli, ta ja ce. Kowace ka gane, manna mata takarda ka rubuta sunanta nan take.

Jar wayar nan mai kauri kuwa, ta amfilifaya ce, wato akwatin ƙara ƙarfin sauti, kuma ita nake zargi da cin batir. Amfilifaya na jiran umarni ne daga siririyar waya shuɗiya mai ratsin fari da ke fitowa daga rediyo. Masu gaggawa sukan yi mata gada da wutar batir kai-tsaye, sai akwatin ya kwana a kunne. Leƙa ƙarƙashin kujera da mota a kashe: in fitilarsa na ci, ka kama ɓarawo. In kuma an cire akwatin an bar jar wayar tana yawo, wannan ya fi haɗari. Bi ta har bakin batir. Dole a samu fis a kanta kusa da batir, bai wuce taƙi biyu ba. In babu, kwance ta yau, kafin ta goge ta taɓa bodi mota ta kama da wuta.

Sifiku ba su da wahala: fari gaba hagu, ruwan toka gaba dama, kore baya hagu, shunayya baya dama, mai ratsin baƙi a kowane biyu ita ce negatif. In an yanke su ba ka gane ba, ɗauki ƙaramin batirin tocila mai volt 1.5 ka ɗan taɓa bakin wayoyi biyu, za ka ji ƙaf daga ƙofar da suke. Amma sai ka tabbatar da mita cewa babu wuta a cikinsu, kuma ka nisanci duk wayar da ke cikin riga ruwan ɗorawa kusa da sitiyari, ta jakar iskar da ke buɗewa lokacin hatsari ce. Kada kuma ka haɗa negatif ɗin sifika da bodi, rediyon zai iya ƙonewa.

Kafin ka yanka ko ka haɗa komai, cire kan batir na negatif. Mahaɗan da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatef, zafin bazara kan narkar da gam ɗinsu su kwance, don haka a yi musu dalma a sa musu robar da ke tsukewa da zafi.