Tambaya da Amsa: Me Ke Sa Yaran Da Ba Su Taɓa Ganin Rikici Ba Suke Ƙin 'Yan Tsallaken Gada?

Tambaya: Ni malami ne a wata sakandare a Tudun Wada ta Kaduna. Ɗalibaina ko haifarsu ba a yi ba lokacin rikicin addini na 2000, amma in ka ji yadda suke maganar mutanen Sabon Tasha da Television, unguwannin tsallaken gada da Kirista suka fi yawa, sai ka ɗauka an taɓa yi musu wani abu. Daga ina wannan ke zuwa? Ina tunanin haɗa musu wasan ƙwallo da wata makaranta a can, ko zai taimaka?

Amsa: Malam, ba sai an cuci yaro ba kafin ya fara fifita nasa. A farkon shekarun 1970 wani masanin halayyar ɗan Adam, Henri Tajfel, ya raba wasu 'yan makaranta a Bristol ta Ingila gida biyu, ya ce musu bisa zanen da kowa ya fi so aka raba su. Ba su san waye a ɓangarensu ba, babu gaba, babu tarihi. Da aka ba su maki su raba wa juna, sai suka riƙa fifita 'yan ɓangarensu, har sukan yarda nasu ya samu kaɗan muddin ya fi na ɗaya ɓangaren. Daga nan shi da John Turner suka fitar da bayaninsu a 1979: mutum yana samun wani kaso na darajar kansa daga ƙungiyar da yake ciki, don haka yana so tasa ta fi.

Sai dai son naka ba shi ne ƙin na wani ba, kuma nan mutane ke yawan ruɗewa. Yaro zai iya alfahari da Musuluncinsa da Hausancinsa bai tsani kowa ba. Abin da ke juya son ya koma ƙiyayya shi ne tsoro, da jin cewa ana takara a kan abu ɗaya: fili, kasuwa, sarauta, gurbin aiki, kujerar shugaban ƙaramar hukuma. Rikicin Zangon Kataf na 1992 a kan sauya wa kasuwa matsuguni ya tashi. Bayan na 2000 da na 2002 da na bayan zaɓen 2011, mutane suka yi ta sayar da gidaje suna komawa inda nasu suke, har Kogin Kaduna ya zama kamar iyaka. Iyayen ɗalibanka da yawa sun yi zaman gidan haya da Kirista, sun ci shinkafar Kirsimeti, sun aika da naman layya. Yaran ba su samu wannan ba. Labarin ranar gudu kawai suka gada, da abin da ke yawo a WhatsApp.

Rashin cuɗanya yana haifar da abubuwa biyu da za ka iya ji a bakinsu. Na farko, ganin na can duk ɗaya ne. Yaron ya san bambancin Bakano da Bazazzagi, ɗan Izala da ɗan ɗariƙa, amma Atyap da Bajju da Ham da Adara da Gbagyi da Ibo duk ya zuba su a buhu guda. A can ma haka ne, Banufe da Babarbare da Bayarabe Musulmi duk "Hausa" ne. Na biyu, in naka ya yi laifi sai a ce ɓata-gari ne ko talauci ya sa shi, in na can ya yi sai a ce ai halinsu ne. In kuma na can ya yi alheri, sai a ce shi daban ne a cikinsu, zargin ya ci gaba da zama yadda yake.

Game da ƙwallo, kada ka yi shi yadda ka tsara. Makarantarku a gefe, tasu a gefe, 'yan kallo na ihu, ka ƙara fito da layin da kake son gogewa ke nan. Wani masanin, Muzafer Sherif, ya gwada haka a 1954 a wani sansani a Oklahoma ta Amurka da yara 22 da ya raba gida biyu. Gasa ta kai su ga zage-zage da ƙona tutar juna, kuma haɗa su cin abinci wuri ɗaya bai gyara komai ba, jifar juna da abincin suka yi. Sai da aka sa su aikin da ɓangare ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba, gyaran hanyar ruwan sansani da jan motar abinci da ta ƙi tashi, sannan gabar ta lafa.

Kuma a nan Kaduna an yi bincike a kan wannan. Alexandra Scacco da Shana Warren sun bibiyi samari 849, Musulmi da Kirista, aka sa wasunsu koyon kwamfuta na mako 16, wasu a aji gauraye, wasu a aji na addini ɗaya. A sakamakon da suka wallafa a 2018, ra'ayin samarin game da ɗaya addinin bai sauya ba. Amma da aka ba su kuɗi su raba, 'yan aji gauraye sun fi 'yan ajin addini ɗaya adalci ga wanda ba nasu ba. Wato hali yana riga zuciya sauyawa, kuma tara yaran addini ɗaya su kaɗai su shaƙu da juna yana iya ƙara musu fifita nasu.

Don haka in za ka yi, gauraya ƙungiyoyin: kowace ta ƙunshi rabi daga nan rabi daga can, riga iri ɗaya, koci ɗaya. Kada wani ɓangare ya zama mai masauki kullum, ku riƙa karɓa-karɓa ko ku nemi fili a tsakiyar gari. A daidaita shekaru da aji, don in 'yan makarantar kuɗi suka haɗu da 'yan ta gwamnati, raini zai shigo ta wata ƙofar. Haɗuwar yini ɗaya da jawabai da ɗaukar hoto ba ta barin komai, a yi sau ɗaya a mako har zango ya ƙare. A samu yardar shugabannin makarantun biyu da iyaye a rubuce, in da hali limami da fasto su leƙo ranar farko. Cibiyar sulhu ta Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda su kansu sun taɓa zama abokan gaba, ta daɗe a wannan aiki a Kaduna. A ware lokacin salla, a kauce wa safiyar Lahadi, kuma kada a buɗe muhawarar addini ko ta waye ya fara rikici. Kada ka auna nasara da tambayar su ko yanzu suna son juna. Duba wa ke ba wa ƙwallo, wa ke zama kusa da wa a mota, da ko sun karɓi lambar wayar juna.