Jijiya ɗaya, aiki uku

Wata baiwar Allah daga Aboabo, nan Kumasi, ta rubuto cewa sun kai mahaifinta asibiti saboda ƙafarsa na sagewa, mai fassara ya ce musu "ciwon jijiya ne". Tana tambaya, wace jijiyar ke nan? Ta jini?

Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Tambayarki na kan hanya, domin abu uku Bahaushe ke kira jijiya: mai ɗaukar jini, da mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, da mai taurin nan da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Duka ukun suna ƙafarki. Shafa saman diddigenki ta baya, wannan mai kauri ita ce agara, ta ukun ke nan. Ɗora yatsa bayan idon sawu ta ciki, za ki ji ana bugawa. Reshe ne na babbar jijiyar jinin da ta bi ta bayan gwiwa ta rabu, wani ya nufi gaban ƙwauri, wani ya gangara ta sha-raɓa. Cikin masu kai saƙo kuwa, akwai wadda ta kewayo kan siririn ƙashin gefen waje, ƙasa kaɗan da gwiwa, kusa da fata sosai. Ita ake dannewa in an daɗe a harɗe wurin tafsiri, a miƙe ƙafa na mindirya. Wannan yakan wuce nan da nan. Sagewar da ta ƙi tafiya, musamman ga mai ciwon suga, ba a zama da ita. Ki koma ki roƙi likita ya fayyace muku wacce yake nufi. A ganina, bai kamata mai fassara ya tsaya a "jijiya" kawai ba, alhali harshen na da yadda zai bambance.

Wani ɗalibi daga Asawase kuma ya ce, don me ake cewa "gwiwarsa ta yi sanyi", ba zuciyarsa ba?

Ɗana, a gwiwa Bahaushe ya ajiye himma. Shi ya sa ake ƙarfafa wa mutum gwiwa, ake kashe masa ita. Mai naƙuda ma "tana kan gwiwa" ake cewa. Karin maganar da ka haɗo da ita, "durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne", ba gajiyar jiki take nufi ba, kasawa take nufi. Dattawa kan faɗa wa babba ita in suna son ya fara neman sulhu da ƙaninsa.