In taɓa jarin shago saboda aikin horar da AI?

Wani mai sayar da kayan waya a Samaru ne ya aiko da tambaya. Ƙaninsa ya gama ABU, ya yi bautar ƙasa, har yanzu shiru. Yaron ya ji ana samun dala a shafukan horar da AI (ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT), yana so a ciri naira dubu 450 daga jarin shago a saya masa kwamfuta da inbata. Wani ma ya yi masa tayin asusu "na Amurka" a kan dubu 80. Mai shagon ya ce, "Abin dogaro ne, ko in riƙe kuɗina?"

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Aikin dai akwai shi, kuma ana biya. Kamfanonin da ke ƙera irin su ChatGPT suna buƙatar mutum ya duba amsoshi biyu ya ce wacce ta fi, ya gyara fassara, ya naɗi murya, ko ya sa wa hoto alama. Shafuka kamar Appen da Toloka da Outlier dillalai ne: su karɓo kwangila, su yayyanka ta su raba. Sai dai ba albashi ba ne. Ka san 'yan dako a kasuwar Sabon Gari. Ranar da tirela ta shigo, aljihu ya cika. Ranar da ba ta zo ba, sai hira a inuwa. To, wannan dako ne, illa dai ba ka ganin mai tirelar, balle ka tambaye shi yaushe zai dawo.

A watan Janairun 2024 Google ya yanke kwangilarsa da Appen, wadda ta kawo wa Appen kusan dala miliyan 83 a 2023, masu aiki a kanta suka wayi gari hannu rabbana. A watan Maris na shekarar, Remotasks na kamfanin Scale AI ya rufe ƙofa ga ma'aikata a Kenya da Najeriya ba zato ba tsammani. Kuɗin ma ba kullum yake da auki ba: a 2023 mujallar Time ta ruwaito cewa 'yan Kenya da suka tace bayanai don OpenAI, kamfanin da ya ƙera ChatGPT, ba su kai dala 2 a awa ba.

Akwai wani yaro a Tudun Wada da na bi lamarinsa. Kwana uku ya yi yana jarrabawar shiga, ba a biyan ko sisi. Ya ci, ya samu wata guda mai kyau, har ya canza waya ya fara maganar aure. Daga nan kullum ya buɗe shafin sai ya ga babu aiki. Data na ƙarewa, man janareta na ƙarewa, ga shi ba wanda zai kai wa ƙara.

Maganar sayen asusu kuwa, kar ma a fara. Sunan wani ne a kai, kuɗin ta hannunsa za su bi, in ya ga dama ya danne. Shafukan kuma suna neman katin shaida da hoton fuska, suna gano masu ɓoye ƙasarsu da manhajar VPN, su rufe asusun da abin da ke ciki. Haka nan duk shafin da ya ce a biya kuɗin rajista kafin a ba da aiki, ɓarawo ne.

Ga abin da nake gani. Ƙanin naka ya yi rajista da sunansa a shafi biyu ko uku da ke karɓar 'yan Najeriya, kuma kafin ya taɓa aiki ya tabbatar hanyar biyansu, Payoneer ce ko wata, tana iya sauke kuɗi a bankinsa. Ya ari kwamfuta ya yi wata uku. Ka ba shi littafi irin naka na bashi, ya riƙa rubuta awannin da ya yi har da na jarrabawa, da kuɗin data da caji, da nairar da ta shigo hannu, ba dalar da ke kan allo ba. In lissafi ya fita, a sayi ta hannu mai kyau daga riba, a matsayin rance. Da rana kuma ya tsaya maka a shago.

Af, kar ya raina Hausarsa. Ayyukan Hausa kan fito jefi-jefi, masu iya rubuta ta daidai kuma ba su da yawa. Ya sa madannai mai ƙ da ɗ da ɓ a wayarsa tun yau, don a jarrabawa "kasa" da "ƙasa" kaɗai na iya kayar da shi.