Ɗana Zai Tafi Kobe

Tambaya: Malam, autana ya samu karatu a Kobe, bakin teku a Japan. Yaron da ruwan da ya sani bai wuce tafkin Tabalak ba! Ina zai yi salla, me zai ci? Barci ya gagare ni.
Wata uwa daga Tawa

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. A Kobe ne masallaci mafi daɗewa a Japan yake, tun 1935. Ko girgizar ƙasar 1995, wadda ta kashe mutum fiye da 6,000, ba ta kayar da shi ba. Kusa da shi akwai shagunan naman halal.

Abincin ne ya fi damuna. Romon taliyarsu sau da yawa na ƙashin alade ne, kuma sukan zuba wata giyar shinkafa, mirin, a girki. Ya riƙa tambaya, kada ya ji kunya. Kifi kam sai ya ture. Ki ƙulla masa yaji da busasshiyar kuɓewa.

Da ya samu ɗaki, ya kai adireshinsa ma'aikatar magajin gari cikin kwana 14. In ƙasa ta girgiza sosai, kada ya tsaya kallon teku, ya nufi tudu, don ruwan teku na iya ambaliya bayan girgizar. Dutsen Rokko na nan bayan garin.